In An Sake Rufe Makaranta

Ƙannena ɗaliban jami'a, na Kwatarkwashi da Sabon Gida da Tsafe da Bunguɗu da cikin garin Gusau, da yawanku kuna sakandare lokacin da korona ta shigo, don haka bari in tuna muku abin da ya sami yayyenku. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas. Kafin a cika wata guda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta ce daga 23 ga Maris kowa ya tafi gida na tsawon wata ɗaya. A wannan ranar ce dai ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, kan tsarin biyan albashi na IPPIS da tsofaffin alkawuran da gwamnati ba ta cika ba. Ɗalibai suka zuba 'yan tufafi a jaka suka nufi tasha, wasu ko handawut ɗinsu ba su ɗauka ba, tunda wata ɗaya aka ce. Aka yi azumi a gida, aka yi ƙaramar Sallah da babba, aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero, aka girbe dawa. Ba a janye yajin aikin ba sai 23 ga Disamba, kuma sai 18 ga Janairun 2021 aka ba jami'o'i damar buɗewa. Wata ɗayan nan ya koma kusan wata goma.

Da abin ya tsaya nan, da sai mu ce annoba ce ta zo ta wuce. To bai tsaya ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A Satumban 2023 kuma aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, nan kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka sace ɗalibai mata, abin da har yau yake sa gaban iyaye faɗuwa. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 ya yi zaman gida na kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya karɓi digirinsa. Ina roƙon Allah ya kiyaye gaba, amma mai hankali a yankinmu dole ya sa a ransa cewa ana iya sake rufe masa makaranta, ko don cuta, ko don yajin aiki, ko don tsaro. Shi ya sa nake so mu yi maganar karatu daga nesa yanzu da ƙofofi suke buɗe.

A farkon Afrilun 2020 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya yi taro ta bidiyo da shugabannin manyan makarantu ya ce su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu, irin su Jami'ar Amurka da ke Yola, sun yi hakan suka ƙarasa zangonsu. A mafi yawan jami'o'in gwamnati umarnin bai je ko'ina ba: malamai na yajin aiki, ba a tanadi manhajar koyarwa ba, ba a horar da kowa ba, ga rashin wuta, ga tsadar data. Wannan laifin manya ne, kuma bai kamata a ɗora muku shi ba. Duniya baki ɗaya ma ta ruɗe a lokacin, don UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi masu karatu kusan biliyan 1.6. Sai dai akwai wani ɓangare na al'amarin da ba minista ne ke riƙe da shi ba, ba kuma shugaban jami'a ba. Yana hannunku, kuma a kansa zan tsaya.

Inda aka gwada darasi ta Zoom, ga yadda yake kasancewa. Malam ya buɗe aji ƙarfe goma. Sunaye suka jeru a fuskar kwamfutarsa, kowa ya rufe kyamara ya rufe makirfo. Ya yi minti ashirin yana bayani, sannan ya ce, "Kuna ji na?" Shiru. Can sai wani ya rubuto, "Malam, sabis ne." Wata ta ce, "Malam, muryarka na yankewa." Wani kuwa sunansa na nan har ƙarshen lakca, alhali wayar na kan tabarma shi yana ƙofar gida ana hira. Minti arba'in na cika, Zoom na kyauta ya yanke taron, aka sake turo adireshin shiga, rabin ajin ba su dawo ba. A rajista za a rubuta cewa an yi darasi kuma mutum kaza sun halarta. Amma in ka tare ɗaya daga cikinsu da yamma ka ce ya faɗa maka abu uku da malam ya ce, da wuya ya kawo biyu.

Kada ku ɗauka talaucinmu ne kaɗai ya jawo haka. A 2019 mujallar Science ta buga wani nazari da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka yi kan kwasa-kwasan da jami'o'in Harvard da MIT suke bayarwa ta dandalin edX. Manyan malaman duniya ne ke koyarwa, bidiyon tsaf, shiga kyauta, kuma mafi yawan masu rajista daga ƙasashe masu wadata suke. Duk da haka, a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai suka kai ƙarshen kwas ɗin da suka fara. Mutum ne shi kaɗai da na'urarsa, ba wanda ya san ya zo, ba wanda zai tambaye shi in bai zo ba, sai ya sulale. Ke nan ko an ba kowannenku sabuwar kwamfuta da data ta shekara, in ba ku da wanda kuke karatu tare da shi, kuma ba ku da wanda kuke mayar wa da abin da kuka karanta, sakamakon ba zai yi nisa da wannan ba.

Mu kuwa muna da tarihin da ya kamata ya buɗe mana ido. Ƙasar nan ta san ilimi tun da daɗewa. 'Yandoto da ke nan kusa da Tsafe gari ne na malamai da almajirai ke yi wa tattaki tun kafin jihadi. Amma wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Matsalar da ta fuskanta irin taku ce: ga mata a ƙauyuka masu nisa, suna da aure da 'ya'ya, ba za su iya barin gidajensu su zo su zauna gabanta ba. Sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai masu amana, ta naɗa su a matsayin jaji, ta ɗora wa kowace malfa don a san matsayinta. Jaji ce ke jagorantar 'yan mata da tsofaffin da za su iya tafiya su zo wurinta, su koyi darasi, su koma gida su koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Darasin kuma ta tsara shi cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, don ya zauna a ka ko ba takarda. Matan kan zo mata da tambayoyinsu da na waɗanda suka baro a gida, su koma da amsa. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin a Wurno.

Ku dubi abin da ya riƙe wannan tsari har ya wuce rayuwar mai shi. Darasin gajere ne, mai ɗaukuwa, wanda ba ya ɓacewa in hanya ta yanke. Ba mace ɗaya ke karatu ita kaɗai ba, ƙungiya ce da ta san junanta. Akwai mutum guda sananne da ke da alhakin haɗa su da malama. Sannan zancen na tafiya ne yana dawowa, don tambaya na zuwa daga ƙauye kamar yadda darasi ke zuwa daga birni. Ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, wadda malaman firamare da yawa suka sami takardar NCE ta hanyarta suna kan aikinsu, kusan haka ta yi: littattafan darasi a hannu, sai haɗuwa a cibiya a ƙarshen mako. Wayar da ke aljihunku ta rage wahalar tafiyar ne kawai. Sauran abubuwan nan har yanzu sai mutane sun tsaya sun yi su.

Saboda haka abu na farko da nake so kowannenku ya yi, tun yanzu, shi ne ya san su wane ne 'yan kwas ɗinsu da ke zaune kusa da gidansu. Mutum biyar ko shida sun isa. In ku 'yan Kwatarkwashi ne ku nemi juna, in 'yan Tsafe ne haka, in a Tudun Wada ko Samaru kuke a Gusau haka. In ba a sami 'yan kwas ɗaya ba, 'yan tsangaya ɗaya ma sun yi, don kwasa-kwasan aji ɗaya da na biyu sukan haɗa ku. Ku fitar da jajinku, namiji ko mace, wanda aka sani da cika alkawari, ba lalle sai wanda ya fi kowa maki ba. Ku yanka rana da lokaci, sau biyu a mako, kada ya riƙa canzawa. In lokacin annoba ne kuma hukuma ta hana taro, ku bi doka, ku yi haɗuwar ta waya, ko ku zauna a fili da tazara in an yarda da hakan. Lafiya ce uwar jiki, kuma gidajenku akwai tsofaffi. Babban zauren WhatsApp na aji, mai mutum ɗari biyu, yana da amfaninsa wajen sanarwa, amma a cikinsa ba wanda zai lura in ka ɓace mako uku. A cikin mutum shida kuwa, rana ɗaya in ba ka zo ba za a kira ka.

Sai maganar data, wadda nake so ku yi mata lissafi da biro. Lakcar bidiyo ta awa ɗaya a Zoom tana iya cinye rabin gigabait ko fiye. A 2020 naira 1,000 kan sayi kimanin gigabait ɗaya da rabi na wata, wato lakca uku ke nan kuɗin sun ƙare, ga ɗalibi mai kwas takwas ko tara. Tun daga lokacin kuma an ƙara kuɗin, don a farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Amma wannan awa ɗayan, in malam ya naɗe ta da murya kawai ya turo, ba za ta kai megabait 20 ba. Handawut mai shafi talatin in rubutu ne zalla bai ko kai haka ba. Don haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne sautin murya da takarda, bidiyo kuwa a bar shi sai inda ido ke bukata, kamar warware lissafi a allo ko nuna zane. Kuma ba sai kowa ya sauke ba. Mutum ɗaya ya sayi garaɓasar datar dare ya sauke na mako gaba ɗaya, da safe ya tura wa sauran ta Xender ko bulutut, ba ko sisin kwabo. Kuna yin haka da fina-finai da wa'azi kullum. Shagon mai tura fina-finai a kasuwa, wanda ke zuba wa mutane fassarar Indiya a memori, zai iya ajiye lakcocin sashenku a kwamfutarsa in kun kai masa.

Watannin da aka katse layi a 2021 sun koya mana abin da korona ba ta koya mana ba. Sai ranar 1 ga Oktoba aka mayar wa garin Gusau sabis, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka jira har ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane kan shiga mota su bi ta Kwatarkwashi da Tsafe har Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, da aka katse can ma sai suka ƙara gaba. Ɗalibin da littattafansa ke cikin zauren WhatsApp bai sauke ba, ko yake cewa ai suna intanet duk ranar da ya so zai duba, ya wayi gari ba shi da komai. Wanda ya sauke a memori yana da abin karantawa muddin akwai caji. Wanda ya kwafe a littafi da hannunsa kuwa ko cajin ba ya nema. Kun dai san shagon caji: janareta na ruri, wayoyi sun fi hamsin a jere kan katako, an manna wa kowace lamba, ka bar taka da hantsi sai bayan la'asar. A waɗannan awoyin da wayarka ke hannun mai caji, littafin rubutunka ne makarantarka. Ina roƙonku kuma, kada neman sabis ya kai ɗayanku bayan gari ko gindin dutse da dare. Ba lakcar da ta kai ranka.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allonsa don ya zauna ya ji malam na karantawa. Sai ya zo ya biya da bakinsa, malam ya ji ya zauna, sannan a ce ya wanke a ɗora masa na gaba. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gwada wannan a ɗakin gwaji. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu aka ce su yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suke iya tunawa. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatun ne a gaba. Bayan mako guda kuwa waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa sun fi su nesa ba kusa ba. Sauraren lakca a waya yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya gane, kuma wannan jin ne ke yaudarar ɗalibai da yawa har ranar jarrabawa. Don haka duk lakcar da ka saurara, kashe wayar, ɗauki biro ka rubuta abin da ka tuna da kalmominka, sannan ka koma ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ranar haɗuwarku kowa ya biya wa sauran wani yanki, da Hausa in ya fi masa sauƙi, su kuma su yi masa tambaya. Wanda ya iya bayyana wa abokinsa dokar bukata da wadata a tattalin arziki da misalin farashin masara a kasuwar Tsafe lokacin kaka da lokacin bazara, ya gane ta.

Daga wannan zama ne tambayoyin kirki ke fitowa, kuma tambaya ce ke raya malami. Ku sani shi ma mutum ne. Yana zaune a ɗakinsa yana magana da allon da ba fuska ko ɗaya, da datar da ya saya da kuɗinsa, wani lokaci ma ba a biya shi albashi ba. In ya yi mako uku ba wanda ya ce masa uffan, gwiwarsa za ta yi sanyi. Jajinku ya tattara abin da ya gagare ku ya tura masa saƙo guda, da sallama, da sunan kwas, da shafin da ake magana a kai: "Malam, barka da yamma. Mu shida ne 'yan aji biyu da ke Kwatarkwashi. Mun karanta shafi na 12 zuwa 15, mun gane misali na farko, amma a na biyu ba mu ga inda aka samo wannan adadin ba." Malamai kaɗan ne za su ga irin wannan saƙo su ƙi amsawa. Ya sha bamban da mutum arba'in kowa na turo "Malam ban gane ba" da ƙarfe sha ɗayan dare. Zauren karatu kuma a bar shi na karatu. A 2020 zaurukan ɗalibai sun cika da jita-jitar magungunan korona da hotunan barka da Juma'a, har sanarwar malam ta nutse a ciki ba a gani ba. Ku buɗe wani zauren daban don zumunci.

Gida kuma fa? Wannan ita ce wahalar da waɗanda suka tsara karatun intanet a Turai ba su san da ita ba. A wurin iyayenmu, wanda ke gida yana hutu ne, wanda ke duba waya kuwa wasa yake yi. Ba mugunta ba ce, abin da idonsu ya saba gani ke nan. Ɗan'uwa, in damina ce ba za ka ce wa mahaifinka ba za ka gona ba, kuma bai ma kamata ba. Amma kana iya samunsa bayan sallar isha'i ka ce, "Baba, makaranta ba ta tsaya ba, ta waya ake yi. Ina roƙon a bar mini daga azahar zuwa la'asar." Ka nuna masa jadawalin, ka nuna masa littafin da kake rubutu. Ranar da ya ga kana cika wannan lokaci da karatu da gaske, shi da kansa zai hana ƙannenka damunka.

Ke kuma ƙanwata, naki ya fi nauyi, na sani. Da kin dawo gida tukunya da wanki da rainon ƙanne sun dawo hannunki, kuma aikin gida ba shi da lokacin tashi. Kin sa abin ji a kunne za ki saurari lakca, Inna ta ƙwala kira a kai niƙa. Ki zauna da ita tun farko ku raba ranar, ki ɗauki aikinki ki gama da wuri, ki roƙi awa biyu da ba za a kira ki ba sai dole. Sautin murya ya fi miki amfani a nan, tunda kina iya tsayar da shi ki dawo. Dogon zaman gida ne lokacin da ake fara cewa tunda karatun ya tsaya gara a yi auren. Aure alheri ne, amma in ya zo, ki tabbata an yi maganar ƙarasa karatunki a gaban manya tun kafin a sa rana. Ku kuma samari da ke da ƙanne mata a jami'a, ɗaukar mata aike ɗaya a rana taimako ne da ba za ta manta ba. In a rukuninku akwai wadda ba ta da babbar waya, ko maigidanta bai yarda ta fita ba, wata daga cikinku ta riƙa kai mata takardu gida tana karɓo tambayoyinta. Aikin jaji ke nan tun asali.

Akwai jarabawar amana a karatun nesa da ba zan tsallake ba. In an ba da jinga, ba mai ganinka, kwafowa daga intanet ko daga abokinka abu ne na minti biyar, yanzu kuma ga manhajoji irin su ChatGPT da za su rubuto maka shafi uku kafin ka ƙifta ido. Ka yi amfani da su su yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ka kuma binciki abin da suka faɗa, don sukan yi kuskure. Amma ka miƙa abin da ba kai ka rubuta ba da sunanka, ha'inci ne, kuma ranar da aka zaunar da kai a zauren jarrabawa, ko aka tura ka aji ka koyar, ba za su bi ka ba. Ku kuma yarda cewa akwai abin da waya ba za ta koyar ba. Ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai sai ya riƙe kwalba a ɗakin gwaji, ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe sai ta tsaya gaban majinyaci. Abin da za ku iya a gida shi ne ku gama da ɓangaren karatu, don in an koma lokacin ya tafi ga aikin hannu.

Wani abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su dawo ba. Bayan kowane dogon rufewa akwai kujerun da ke zama wayam. Wani ya fara acaba ko ya kama shago, ya ɗanɗani kuɗi, karatu ya fita ransa. Wani ya tafi Abuja ko Legas ci-rani. Wani kuwa ba abin da ya same shi sai zaman kaɗaici da tunani, har ya ga kamar shekarunsa sun tafi a banza. Neman na kai ba laifi ba ne, sau da yawa ma dole ne. Abin da ke yanke mutum daga makaranta shi ne ya yi wata biyar ba wanda ya yi masa zancenta. In ɗayanku ya yi shiru, ku kira shi, in bai ɗauka ba ku je gidansu. Wanda kuma rayuwa ta hana shi komawa aji kwata-kwata, ku gaya masa hanya ba ta toshe ba: Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fara kafawa a 1983 aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, tana da cibiya a Gusau, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa.

Akwai kuma abubuwan da kuke da haƙƙin nema daga sassanku, cikin ladabi, ta hannun wakilan aji da ƙungiyar ɗalibai. Ku roƙi a ba ku tsarin kowane kwas da jerin abin da za a karanta tun makon farko na zango, a takarda da kuma a waya, yadda ko an rufe gobe kun san inda aka dosa. Ku roƙi duk lakcar da za a yi kai tsaye ta intanet a naɗe ta a turo sautinta, kuma kada a hukunta wanda sabis ya hana shi shiga a kan lokaci, a auna shi da aikin da ya mayar. Ku roƙi kowane malami ya ware awa ɗaya a mako da aka san zai amsa tambayoyi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kasafin kuɗi daga Abuja, shugaban sashe da malamansa na iya yanke su a zama guda. Ku rubuta buƙatun a takarda, ku sa hannu, wakilin aji ya kai ofishin shugaban sashe cikin wannan zangon, ya kuma haɗa da sunayen rukunanku da garuruwan da kuke da lambar jajin kowane rukuni, don sashen ya san ta inda zai same ku.